Matar da Ta Hau Tasin Ciyaman

Duk Kumasi, daga Tafo har Bantama, babu wanda Allah ya buɗe wa sirrin mota kamar Ciyaman Kwadwo Adomako, shugaban direbobin tasi na tashar bayan kasuwa. Wasu a gareji suka koyi mota, hannu dumu-dumu da baƙin mai. Shi a kan benci ya koye ta, a gindin mangwaro, kuma har yau farcensa fes. A bayan tasinsa ya sa an rubuta da jan fenti: KU TAMBAYE NI. Sai dai bawan Allah bai taɓa jira a tambaye shi ba.

Shi ya sanar da duniya cewa in an jefi gilashinka da ƙwai kada ka goge, 'yan fashi ne. Shi ya gano cewa a cikin agogon tsofaffin motoci akwai wani jan ruwa da Turawa ke saye da tsadar gida. Mutane suka yi ta farfasa motocinsu, suka tarar da ƙura da mushen kyankyaso. Ciyaman ya ce sun makara, tun a tashar jirgin ruwa aka zuƙe.

Kullum da safe sai ya gyara murya ya danna waya ya tura saƙon murya: "Jama'a, Adomako ke magana. Wannan ba jita-jita ba ce, bincike ne." Kafin rana ta take, saƙon ya ratsa shagon masu kitso, ya shiga coci, ya ƙetara Landan wurin 'yar wani, ya dawo ya yi ƙiba har mai shi ba ya gane shi. Sai ya saurara, ya jinjina kai, ya ce, "Kun ji ko? Har a waje sun tabbatar."

Ana haka Adwoa Birago ta shigo tashar da sabuwar tasi shuɗiya mai na'urar sanyi. Dokar tasha ita ce lodi bi da bi, sai motar gaba ta cika ta baya za ta buɗe ƙofa, kuma bisa dokar da Ciyaman ya kafa da kansa, motar shugaba ce ke buɗe layi. Sai ga fasinjoji sun koyi sabuwar ɗabi'a. In tasinsa ce a gaba, wannan ya tsaya ɗaure takalmi, wannan ta tafi sayen ruwa, har sai ya cika da ƙyar ya tashi Birago ta matso.

Washegari binciken Ciyaman ya fito. Wai akwai wata mata mai farar riga da ƙamshin turare da ke tsaida tasi a ƙofar maƙabarta da rana tsaka. Shuɗiyar mota take so. Duk wanda ya zauna inda ta zauna, ƙafafunsa za su kumbura kamar doya.

Da a nan ya tsaya, da ya ci nasara. Amma da rana, a rumfar sakwarar Maame Dufie, ya tarar da direba Atta Gyamfi yana ba da labarin, jama'a sun kewaye shi, kowa ya bar miyarsa tana hucewa. Atta ya rantse maƙwabcin surukinsa ya ga matar da idonsa. Babu wanda ya ko waiwayi Ciyaman. Labarinsa, a bakin wani, shi kuma yana kallon ƙeyar mutane!

"Maƙwabcin suruki!" in ji shi, ya miƙe da loma a hannu. "Atta, yaushe ka yi lasin da za ka ba da labarin manya? Ni na ɗauke ta! Ni, Adomako!"

"Kai, Ciyaman? A taka motar?" in ji Maame Dufie.

"A ta wa kuma? Kujerar baya, hannun dama. Ta ce mini, Adomako, duk garin nan kai kaɗai ne direba. Na waiwaya in karɓi kuɗin mota, sai ƙamshi."

Wayoyi suka ɗaga sama suna naɗa. Ciyaman ya gyara tsayuwa ya ba su ɓangaren fuskarsa mai kyau. Bai lura Maame Dufie ta ɗebo ruwa da gishiri tana wanke bencin da ya tashi a kai ba.

Da safe tasinsa ta buɗe layi, ƙofofi huɗu a wangale. Ko kaza ba ta leƙa ba. Ya nuna kujerar gaba, wata tsohuwa ta ce ai an ce jiya matar ta dawo gaba. Ya ce to kaya kawai a sa a but, aka ce can take kwana. Fasinjoji suka cika tasha suna tsaki, motoci suka jeru a bayansa har bakin titi, ba mai ikon yin lodi. Doka doka ce.

Direbobi suka same shi, Atta a gaba. "Ranka ya daɗe, 'ya'yanmu ba labari suke ci ba. Ko ka gaya wa mutane gaskiya, ko mu tura motar nan waje, kujerarka ta shugabanci ta bi ta."

Ciyaman ya hau benci. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. "Jama'a, Adomako ke magana. Binciken nan, an samu ɗan kuskure. Babu wata mata. Ni na shirya abina."

Maame Dufie ta ɗora hannu a ka. "Wayyo, Yesu! Ta kama masa harshe! Ku ji yadda take sa shi musu!"

Gaskiya ɗaya da ya taɓa faɗa ke nan a tashar, kuma ita kaɗai ce ba wanda ya tura wa kowa. Aka tura motar da sanduna don kada hannu ya taɓa ta. Masu sayen tsohon ƙarfe suka ce za su karɓa, amma sai in ya fara ƙone kujerun.

Ran da zai je ganin 'yar'uwarsa a Bantama, dole ya shiga tasin Birago, a matse tsakanin wata mai sayar da kifi da wani malamin makaranta. Mota na tashi mai kifi ta fara.

"Kun ji labarin direban nan? Mata mai koriyar riga ta hau motarsa. Wani tsamurarre ne, ko tuƙi bai iya ba. Ai ya mutu, jiya aka binne shi."

Ciyaman ya cije leɓe. Ya jure mutuwar, ya jure binnewar. Tuƙin ne ya gagare shi.

"Baiwar Allah, gyara zancenki. Rigar fara ce. Kuma direban da kike cewa an binne, ga shi nan cinyarsa na gogar taki."

Birago ba ta gama taka burki ba ƙofofi suka buɗe. Malamin makaranta ya bar takalmi ɗaya, mai kifi ta bar kifinta. Birago ta dube shi ta madubi, ta sauke numfashi.

"Kawu, sauka. Kuma in ka taka ƙasa ka yi tafiya da ƙarfi, mutane su ga kana barin sawu, ba kamar fatalwa ba."