Damben da na yi a falon surukai

Har abada ba zan manta da ranar da na je gaida mahaifin Hafsa a Yalwawa ba. Maganar aurenmu amincewarsa kawai take jira, an kuma riga an gaya masa ni yaro ne natsattse (Hafsa ce ta faɗa, Allah ya yafe mata).

Na tarar Baba ya fita masallaci, sai yayanta Sani ya shigar da ni falo, ya ce mu taɓa gem, wasan dambe na talabijin, kafin Baba ya dawo. Ni kuwa a shagon gem ɗinmu na Kiyawa babu wanda ya kai ni. A can ina zaune ƙafa ɗaya kan ɗaya nake bugawa, 'yan yatsu kaɗai ke aiki, ko hulata ba ta motsi. Na miƙa hannu na ce a ba ni fad, abin dannawa.

"Ai wannan ba shi da fad," in ji Sani. "Kyamara ce ke kallonka. Ka kai naushi, ɗan wasanka ya kai. Tashi tsaye."

Na fara a hankali, irin na mai mutunci. Sai wani ƙaton cikin talabijin ya shara min ɗaya. Kai! Raina ya ɓaci. Na tuɓe babbar riga, na jefar da hula, na rage daga ni sai singileti, ina dukan iska ina ihu, "Zo mana in ka isa!"

Sallamar Baba ko jin ta ban yi ba. Ganinsa kawai na yi a bakin ƙofa da carbi a hannu.

Na zube ƙasa. "Barka da yamma, Baba."

Ashe kyamarar ba ta san suruki ba. Ɗan wasana shi ma ya durƙusa, ƙaton nan ya samu nama, ya yi ta jibgar sa, lasifika na ta tim! tim! Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce shi ke nan, Hafsa ta tafi.

Baba ya dubi talabijin, ya dube ni, ya ce, "To, natsattse, gaisuwa ta isa. Tashi ka rama mana, a gidana ake dukan ka."

An dai ba ni Hafsa, amma har yau Baba "Ɗan dambe" yake kira na, ko a gaban baƙi. Tun ranar na yi wa kaina doka: duk wasan da ba a yi a zaune da hula a ka, ba na yin sa a gidan surukai.