Rasuwar Mai Taku, Injin Juya Katako na Zauren Zakiyyu

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da na rasa inda zan sauke shi, ni Zakiyyu Lawal na cikin garin Daura nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan sana'a rasuwar injina na juya katako, wanda gida da waje aka sani da Mai Taku. Ya rasu ranar Talatar da ta wuce, a zaurena, ba na gari. Duk wanda ya leƙo yau zai tarar yana juyawa lafiya lau, har ya ce tsufa ya fara taɓa ni. Ina roƙon a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

Marigayin asalinsa keken ɗinki ne na matata Hadiyya, Allah ya jiƙanta. Da ta rasu ta bar mini 'yarmu Rabi'atu ko yaye ba a yi mata ba. Wajen rabon gado kan keken ya tafi gidan iyayenta, ni aka bar mini ƙafafun ƙarfen da matakin da wilin. Na kasa sayarwa, na kuma kasa kallonsu a banza. Sai na ɗora katako a kai, na ja bel daga wilin zuwa wani ɗan ƙarfe mai riƙe itace, na fara takawa ina sassaƙa.

Mai Taku bai taɓa neman wutar lantarki ba, bai san layin gidan mai ba, bai kuma raina abinci ba. Guntun maɗaci da kafintoci suka share, tsagin kirya daga fasasshen turmi, ƙafar kujerar da ta karye, duk yana karɓa da godiya. Ya bar 'ya'ya da yawa a duniya: turame kamar babban yatsa da taɓarensu, akusan da ƙwayar gero kaɗan ke cika su, murafun kwalaben turare, da ƙwayoyin carbi da ke zagaya yatsun tsofaffi daga nan har Baure. Da wuya ka shiga gida a unguwarmu ba ka ga yarinya tana daka ƙasa a turminsa ba.

Amma ba don wannan nake kuka ba. Muryarsa nake wa kuka. Sandar da ke haɗa matakin da wilin ta ɗan lanƙwashe tun ranar da aka kawo kayan Hadiyya daga Mashi, ita kuma ta ɗaure wurin da koren ƙyallen atamfa, ta ce ya isa. Tun daga nan kukansa ɗaya ne: ƙyar, ƙyar, ƙyas. Ƙyar, ƙyar, ƙyas. Ranar da na fara taka shi bayan rasuwarta, maƙwabciyarmu tsohuwa Haulatu ta yi wa Hadiyya sannu da aiki ta kan katanga, sannan ta tuna ba ta duniya. Rabi'atu ba ta san fuskar mahaifiyarta ba, wannan ƙarar ta sani, da ita take barci a ƙarƙashin teburin. Yanzu tana aure a Mashi, amma duk bayan la'asar sai ta kira ta ce, "Baba, sa mini Inna." In ajiye wayar a kan katakon, in yi ta takawa har ta ce ya isa.

Ajalin marigayin ya zo ne ta hannun mai ƙaunarsa. Kabo mai walda, ƙanen abokina, ya daɗe yana cewa wannan ƙyas ɗin na damunsa a madadina. Da na tafi Baure gaisuwar rasuwa, ya shigo da kayan aikinsa, ya cire tsohuwar sandar, ya sa sabuwa miƙaƙƙiya, ya bi ko'ina da mai. Na dawo na same shi yana jirana, fuska cike da fara'a.

"Yaya, na hutar da kai," in ji shi. "Yanzu ko jariri aka kwantar a nan ba zai farka ba."

Na tambayi sandar, ya ce 'yan gwangwan sun wuce da ita. Na tambayi ƙyallen, ya ce, "Wannan tsumman? Ai ya tafi murhu." Na yi masa godiya, don ba a rama alheri da ɗaure fuska, kuma ban gaya masa abin da ya raba ni da shi ba. Ina roƙon kada kowa ya ga laifinsa.

An yi iya ƙoƙari wajen jinya. Na lanƙwasa sabuwar sandar, na ɗaure ta da ƙyalle iri-iri, har da wani kore. Yana yin ƙara, amma ƙarar baƙo ce. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, tun daga ranar, idan ina alwalar la'asar a tsakar gida, sai in ji ƙyas daga zaure, sau ɗaya tak. In taho da buta a hannu, in tarar ba kowa, sai matakin yana ɗan lilo kamar yanzu aka ɗage ƙafa. Ina jin tsoro, kuma ina jin tsoron ranar da zai daina.

Ba za a yi masa sallah ba, don ƙarfe ne, ba kuma za a ba 'yan gwangwan gawarsa ba. Ranar Juma'a zan share dusar katakon, in cire ɗan turmin da ya mutu yana juyawa, in rufe shi da zanen Hadiyya a inda yake. Masu ta'aziyya su zo bayan la'asar, su zauna shiru. Wanda ya ji wani abu ya taimaka ya gaya mini, in san ko kunnena ne kawai.

Rabi'atu, idan wannan sanarwa ta riga ni isa Mashi, ki yi haƙuri. Ranar Laraba da kika ce ba kya jin komai, na ce miki sabis ne. Ba sabis ba ne, 'yata. Ina ta takawa.