Yadda Murmushina Ya Hana Unguwarmu Ruwa

Yau da safe na sa rigata ta fita kunya, na ɗauki takardar koken unguwarmu, na nufi ofishin masu kula da ruwa. Watanmu bakwai famfo bai ɗigo ba, kuma ni aka wakilta saboda wai na iya magana. Ina shiga na ɗaga kai, sai ga ni a bango, cikin wani firam da ya fi ƙofar ɗakina girma, na tara hannu a bakin famfo, ruwa na kwarara, haƙorana duk a waje.

Magatakarda ya karɓi takardar, ya dube ni, ya dubi bango, ya sake dubana.

"Baba, wannan ba kai ba ne?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"To ai gani ya kori ji. Hoto ba ya ƙarya. Unguwarku ta fita daga jerin masu neman ruwa tun ranar da aka rataye shi."

Bari in ba ku asalin abin, don kada ku ce sakarcin nawa ya fi yadda yake. Ranar da Mai Girma Uban Almakashi, wanda ba ya kwana bai yanka ƙyallen buɗe aiki ba, ya zo ƙaddamar da famfonmu, an nemi talaka guda da zai tsaya a hoto. Ni ɗan kallo ne kawai. Wani mai jar hula ya nuna ni, ya ce fuskata ta yi daidai, amma rigata ta cika tsafta, sai aka aro mini ta mai gadi. Ni kuwa da na ji za a sa ni a hoto da manya, ko tambaya ban yi ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Famfon kuwa ko bututu ba a haɗa masa ba. Ɗan ga-ruwan layinmu aka ɗora kan tsani a gefen katanga, yana tuttula jarka cikin wata roba da aka zuro. Mai Hoto, maƙwabcina ne, ya sa ni na tara hannu ya fi sau talatin. In na yi dariya ya ce ta yi yawa, in na rage ya ce kamar mai ciwon haƙori. Jarka huɗu muka ƙarar kafin ya ce ya samu.

Mutane na cewa aikin hoto danna maɓalli ne kawai, kyamara mai tsada ce ke yin komai. Wanda ya faɗi haka bai taɓa ganin Mai Hoto kwance a ƙasa da ciki, yana neman inda zai tsaya tsani ya ɓace ba. Ni yanzu na gane gwanintarsu ba a abin da suka ɗauka take ba, tana cikin abin da suka bari a waje.

Daga ofis ban zarce gida ba, don na san mata na jirana a bakin layi da bokitai. Raina a ɓace na wuce shagon Mai Hoto. Na same shi yana goge wa wani ango ƙuraje a kwamfuta. Na ce ya ba ni sauran hotunan ranar, waɗanda tsani ya fito a ciki. Ya ce wannan ma wani kuskure ne na jama'a, suna zaton hoto na mai ɗauka ne. Tun a wurin mai jar hula ya zare katin kyamarar ya sa a aljihu. Na ce to ya cuce mu, shi da yake sayen ruwa kamar kowa. Ya tura ƙofa, ya rage murya.

"Mutumina, shekara ashirin ina wannan sana'a, ka taɓa ganin na bar inuwa a hoto da kuskure? Koma ka dubi katangar cikin hoton ta hannun hagunka."

Ban tsaya neman abin hawa ba. Na koma ofis ina haki, na tsaya gaban kaina, na ƙura ido. Ga ta nan kuwa raɗau a jikin katanga: inuwar mutum a kan tsani, ya karkata jarka, har da murfinta a ɗaya hannun. Wallahi sai da na ji ƙwalla don daɗi. Na kira magatakarda na nuna masa da yatsa. Ya sa tabarau, ya cire, ya kira na sama da shi. Na saman ya kira nasa na saman. Kafin ka ce kwabo mutum shida sun taru gaban hoton, an kawo mini kujera, har da tambayar ko zan sha wani abu mai sanyi.

Babban cikinsu ya riƙe hannuna biyu, ya ce ƙasa na buƙatar masu lura irina, kuma yau ɗin nan za a gyara. Na ce Allah ya ƙara girma. A raina har na fara tsara yadda zan shiga layi a hankali, in bar mata su gama tambaya kafin in ba su albishir.

Ku masu cewa ma'aikatanmu na da jan ƙafa, ku nemi gafara. A gabana aka sauke firam, aka tura mota ta ɗauko Mai Hoto da kwamfutarsa. Ya shigo bai ko kalle ni ba. Minti ashirin bai cika ba inuwa ta tafi, katanga ta yi fes, aka ƙara wa ruwan ƙyalli, ni ma aka cike mini giɓi. Babban ya miƙo mini takardar kokenmu, ya ce tunda an gyara, babu sauran ƙorafi.

Yanzu haka ina zaune a shagon wanzami ina rubuta muku wannan, don ban san ta inda zan shiga unguwa ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, in ji masu iya magana. Ni na ja, ko yayyafi ban samu ba. Amma a faɗi gaskiya, sabon haƙorin ya yi mini kyau.