Jakar da Na Kai Kotobabi

A majalisarmu ta shan shayin ataya a unguwar Nima, ni ne mai wa'azin kwamfuta, har ake ce mini Injiniya. Tawa siririya ce kamar faifai, amma kullum cewa nake masu ƙera ta da sauran aiki, sai ranar da mutum zai rataya jaka ya kasa sanin tana ciki.

Wata Asabar kawuna ya kira ni unguwar Kotobabi. Ɗansa yana Jamus, kuma dangin yarinyar da yake nema sun ce ba za su karɓi goro ba sai sun ga fuskarsa, ko da ta kiran bidiyo ne. Na ce waya ta yara ce, da kwamfuta zan zo.

Na sa farar jallabiya, na hau trotro, motar haya, ina ta yaba rashin nauyin jakata.

Da na isa, dattawa suka zuba mini ido. Na yi bismilla, na zuge jakar. Wayar caji kawai na tarar. Kwamfutar tana gida kan gado.

Mahaifin yarinyar ya leƙa ciki, ya daɗe, sannan ya ce, "Masha Allah. Lallai siririya ce."

Da fasasshiyar wayar gwaggona aka ga ango.

Har yau a majalisa ana barin gurbi a benci. Duk wanda ya zo zama sai a ce, "Chale, abokina, a hankali, kwamfutar Injiniya ce a wurin."