Yadda Na Saukar da Teku a Shehuri

Na mance abubuwa da yawa a rayuwa, amma wannan ranar ba zan taɓa mantawa da ita ba, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Akwai wata 'yar unguwarmu a Shehuri, Dakta Falmata, aikinta sarrafa bayanan tauraron ɗan'adam. Yadda ta fahimtar da ni, tauraron yana harbo saƙo daga sama, ya daki fuskar ruwa ya koma, daga lokacin da ya ɗauka sai a gane tsayin ruwan. Ita ke tace alƙaluman, ta cire kuskuren da iska da igiyar ruwa ke jawowa, ta fitar da taswira da zane. Za ta yi wa dattawa da masunta bayani a kan teku da Tafkin Cadi, sai ta nemi in rubuta mata allon bayanin da ajami, tunda shi suka fi karantawa. (Teku kam ban taɓa ganinsa ba sai a waya, amma rubutuna ba a raina shi.)

Ta ba ni zanen teku: layi ɗaya a karkace, shekaru a ƙasansa. Na yi bisimilla na zauna na rubuta komai a tsanake. Da na zo kan shekarun, sai na jera su yadda duk mai hankali zai jera, daga dama zuwa hagu. Layin kuwa na bar shi yadda yake, don ba aikina ba ne. Wa ya duba kafin a buga? Babu! Kowa yana da uzuri.

Na gayyato surukina, Goni, wanda tun da na fara hulɗa da 'yan kwamfuta yake cewa na bar karatu na kama shirme. So nake ya gani da idonsa, ya janye maganar.

Ranar bayanin, rumfar taro ta cika. Dakta tana can baya tana fama da janareta, ta ce in fara. Na ɗora sanda daga dama, na bi layin, ga shi yana gangarawa.

"Jama'a," na ce, "tauraro ya auna. Ruwan teku raguwa yake yi. 'Yan'uwanmu na bakin teku su kwantar da hankalinsu. Mu gode wa Allah."

Na ɗaga hannu na yi doguwar addu'a, aka amsa da amin har da shafawa.

Sai na ji muryar Dakta a bayana: "Malam, ƙaruwa fa yake yi."

Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma ina! Na ce, "Haba Dakta, ni na rubuta allon nan da hannuna. Kowa ya ga layin yana sauka."

Ba ta yi musu ba. Ta haska nata zanen a bango. Layin ɗaya ne sak, sai dai shekarunta daga hagu suka fara.

Wani masunci, Bukar, ya ɗaga hannu. "Gafarta Malam, to addu'ar fa? A dawo da ita, ko ta riga ta tafi?"

Rumfar ta kaure da dariya. Abin da ke ƙona min rai, waɗanda suka fi kowa ɗaga murya wajen amin su ne suka fi kowa ƙyaƙyatawa, kamar ba tare muka shafa ba.

Goni bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon allon, ya ce, "Rubutun dai ya yi kyau." Ya saka takalmansa ya fita. Maganarsa kuwa har yau bai janye ta ba, ni ma na daina tunatar da shi.

Yanzu duk zanen da aka miƙo min, sai na tambaya ta ina ake fara shi. Addu'ar godiya kuma nakan ajiye ta har sai mai aikin ta gama magana.