Yadda Za Ki Tsare Yara Cikin Fararen Kaya Har Mai Hoto Ya Iso

'Yar'uwa, idan uwar mijinki ta taɓa duban 'ya'yanki ta ce, "Yaran nan kullum kamar daga rami aka tono su," to gyara zama, kin zo wurin mai magani. Hoto ɗaya tak kike bukata, su fito fes, ki aika mata ki huta da gori. Na raini uku, na san hanya. Bi matakan nan, zan rantse ba kaffara za ki ga aiki.

1. Zaɓi rana

Idan an kwana ana ruwa, kada ki ɗaga. Kin riga kin yi wa mai hoto alkawari, kuma ke ba matsoraciya ba ce. Kududdufin nan na bayan gida, inda ruwan wanki ke taruwa, yi kamar ba ki san da shi ba. Masana sun ce abin da uwa ta manta, yara ma sun manta.

2. Shirya su kafin ki shirya kanki

Nan sirrin yake. Wanka, shafa mai, fararen kaya, takalma, sannan ki jera su a doguwar kujera. Kama kunnen babban ki ce, "Yaya, amana na ba ka." Zai ce, "To, Mama." Yarda da wannan "to" ɗin ɗari bisa ɗari, ki shige wanka.

3. Ji daɗin shiru

Shiru a gidan ƙananan yara alamar tarbiyya ce. Yi kwalliyarki a tsanake.

4. Karɓi rahoto

'Yar tsakiyar, wadda a gidanmu muke kira Rediyo, za ta leƙo ta ce, "Mama, ba ni ba ce."

"Ba ke ba ce me?"

"Takalmin Auta ne ya faɗa, Yaya ya shiga ya ciro, Auta ya bi Yaya."

"Ke fa?"

"Ni kiransu kawai na je yi."

Kada ki dubi ƙafafunta. Kada kuma ki dubi sawun da ta jero tun daga ƙofa har bakin gadonki.

5. Je da kanki

Da adonki za ki je, kuma kada ki cire takalmin nan mai tsini, don su san da gaske kike. Za ki tarar da Auta zaune daram a tsakiyar taɓo, ido kawai ke fari, ya cika murfin kwano da laka yana cewa, "Mama, na dafa miki." Tsaya a baki ki miƙa hannu. Ƙara miƙawa. Santsi bai san babba ba: tim, sai ga ki kusa da shi.

Yaya zai fara neman hanyar gudu. Auta kuwa zai lakato taɓo ya ɗiga miki a hanci ya ce, "Kin yi kyau." Buɗe baki da niyyar faɗa. Idan dariya ce ta fito, haƙuri za ki yi, ni ma haka ta yi mini. Tunda an riga an jiƙe, rama.

6. Tarbi mai hoto

Zai yi sallama, ya bi ihu har bayan gida, ya tsaya ya ce, "Maman yara, ko in dawo gobe?" Kafin ki goge ido, Rediyo ta ce, "Ɗauka, mun shirya!" Ƙyas.

Mijinki, da bai san ciwon kansa ba, shi zai kai wa uwarsa hoton. Za ta ce, "Ai na faɗa." Za ta daɗe tana kallo, ta ƙara da, "Ubansu ma haka ya yi ta ba ni wahala." Sannan ta sa a buga ƙusa, ta rataye shi sama da na sauran jikokinta masu tsafta.

Gargaɗi

Mai wannan shawara ba ruwanta da fararen kayan da suka koma na goge-goge, ko takalmi ɗaya da har yau ba a gani ba. Ba ruwanta kuma idan wata rana yaran suka girma suka watse, aka shafe bayan gida da siminti, kika share ɗaki da safe har yamma ba sawun kowa, kewarsu ta kama ki kika je neman hoton nan. Ni na roƙi nawa. Uwar mijina ta ce in ina so, in riƙa zuwa ina kallo.