Rasuwar Sulken Malam Mailafiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, musamman ta maigida, iyalan Malam Mailafiya, tsohon hedimasta a nan Kontagora, na sanar da rasuwar sulkensa na baƙin ƙarfe, wanda ya yi masa hidima tun da ya yi ritaya, a wasan yaƙi irin na zamanin da, wanda ke cikin wayarsa.

Malam ya zaɓi marigayin ne bisa shawarar masanan intanet, waɗanda bakinsu ya zo ɗaya cewa sulke mafi nauyi shi ne mafi kyau. Ba mu da labarin ko ɗayansu ya taɓa ɗaga buhun gero. Shi dai Malam ya gan shi da faɗin kafaɗa da aiki a ƙirji kamar babbar riga, ya ga shigar dattijo ce.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya sha kibiya, ya sha gatari, bai taɓa kai ƙara ba. Ba shi kuma da gaggawa. Rundunar Malam, wadda duk tsofaffin ɗalibansa ne, sai ta ci gari da yaƙi kafin a jiyo shi can baya, kacau, kacau, kamar mai zuwa duba aji. Haka za su tsaya jiransa, don har yau ba mai iya taɓa ganima Malam bai iso ba.

Ciwon ajali ya fara ne da 'yar tsaga a hamata. Maganinta na wurin maƙerin cikin wasan. Sai dai a ƙa'ida, dole jarumi ya tuɓe, ya tsaya tsakiyar kasuwa daga shi sai gajeren wando har a gama gyara. Francis mai gyaran waya ya yi bayani, tsohon ɗalibinsa Abdulmalik ya yi roƙo, Malam ya ƙi. Mutumin da yaran nan ba su taɓa ganin kansa ba hula ba!

Ranar Talata, a bakin kogon dodo, marigayin ya ce ɓaras, ya zube. Sai ga Malam a gaban runduna duka, da ɗan wando ja. Tun ranar bai buɗe wasan ba, bai leƙa majalisa ba, jam'i ma a wata unguwa yake bi. Ya aika a naɗa wani shugaba. Runduna ta ce ba ta ji saƙon ba.

Marigayin ya bar kwalkwali mai lotsawa, da takalmin ƙarfe ƙafa ɗaya, da doki wanda tun rasuwar yake ta ƙiba.

Za a kai gawar zuwa maƙera ranar Juma'a bayan la'asar, a narkar da ita. Wasan bai yarda wani ya ɗauka ba sai mai ita, hanya kuma ta cikin kasuwa ta bi. Saboda haka ɗaliban sun yanke cewa kowa zai tuɓe nasa sulken, su raka Malam a layi, cikin gajeren wando, shi a gaba. Ban da Rachel, ma'aikaciyar jinya, wadda za ta yi gadin ƙofar gari ta juya baya.

Ana karɓar gaisuwa a gida. Wanda ya ɗauki hoton ranar Talata, mun san shi, ya zo da wayarsa.

Hajiya Zaituna, a madadin iyali.